Baiti Biyu A Kan Godiya, Da Sharhinsu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta.

Ka gode wa Sarki mai saukar da damina,
Ka gode wa hannun da ya dama maka fura.
Mai raina kaɗan, ko an cika masa rumbu,
Zai kwana da yunwa, zuciya cikin takura.

Sharhi: Ya 'yan'uwana, ku sani na gwama godiya biyu a baitin farko don ba su rabuwa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisi mai nuna cewa butulce wa mutane butulce wa Allah ne. A Suratu Ibrahim kuma, aya ta 7, Ubangiji Ya yi wa mai godiya alkawarin ƙari.

Na ce "hannu" don in tuna mana matan gida. Sau da yawa nakan ga mutum ya taso daga wazifa, harshensa bai bushe da zikiri ba, ya karɓi ƙwarya a hannun wadda ta surfa, ta daka, ta dama, ya shanye, ko "sannu" bai ce ba. Subhanallahi! Da baƙo ne ya ba shi goro ɗaya, da ya yi ta zuba addu'a har ƙofar zaure.

Yunwar baiti na biyu kuwa ba ta ciki ba ce. Mai ita idonsa kullum yana kan rumbun maƙwabci. Na san talakawa da dama waɗanda tuwon dare kaɗai gare su, amma idan an miƙo akushi sai su ce "Allah Ya yi albarka", a ci ana raha, yara su yi barci.