Hakkin Mai Gadin da Ba Ya Karɓar Albashi

A watan Afrilu, lokacin da mangwaro ke zuba har kaji su ƙoshi su bar shi, na kai ziyara ƙauyenmu da ke tsakanin Bakori da Malumfashi. Na tarar da 'yar yayana, yarinya mai shekara 14, a tsugune gaban murhu. Ta tsinto mangwaron da ya faɗo ya fashe, ta fere shi, ta cire ƙwallon, ta dama da ayaba ɗaya da ta nuna sosai da ɗan garin dawa, tana gasawa ƙanana-ƙanana a tanda kamar waina. Na miƙa hannu zan ɗauka sai ta ce, "Kawu, ba naka ba ne, na Duna ne." Duna shi ne karen gidan.

A TikTok ta ga yadda mutanen Amurka ke haɗa wa karnukansu kayan marmari su daskarar a firji. Da yake babu wuta a ƙauyen, sai ta koma ga tanda. Kakanta, wanda duk muke kira Baffa, ya daɗe yana kallonta daga kan tabarmarsa, sannan ya ce, "Ikon Allah! Mutane na neman abin kaiwa baki, ke kina yi wa kare waina. Wannan ai almubazzaranci ne."

Tun ranar nake juya maganar, domin kowannensu yana da gaskiya a hannunsa.

Baffa bai faɗi abin wasa ba. Yankin Funtuwa da Malumfashi ne rumbun Jihar Katsina. Daga kasuwar Dandume ake lodin masara da dawa zuwa sassan ƙasar nan, amma tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 akwai gidajen manoma da ba sa ɗora tukunya sau uku a rana. Wanda ya ga maƙwabcinsa yana auna hatsi da gwangwanin madara, dole ya ji nauyi idan ya ga ana ƙawata abincin dabba. Yunwar ɗan Adam tana gaba, kuma duk tarbiyyar da ta manta da haka ta karkace.

Sai dai akwai tambayar da Baffa bai yi ba: wane ne Duna a gidan? Shi ke raka yara gona. Shi ke kwana a gindin masarar da aka tara bayan girbi. A 'yan shekarun nan da rashin tsaro ya hana mutanen kudancin Katsina barci da ido biyu rufe, haushinsa ne ke fara tashin gida idan baƙon motsi ya doso. Da mutum ne yake wannan aiki, da ana biyansa duk wata, ana kuma yi masa goron Sallah. Duna kuwa ladansa ƙanzo ne da ruwan wanke-wanke, wani lokaci har da jifa. Mun gaji al'adar cin amfanin kare muna zagi da sunansa.

Da yawa suna jingina wannan wulaƙanci ga addini, alhali addinin bai ce haka ba. Hadisi ya halatta riƙon kare don gadin gona da kiwo da farauta. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muke bi, suna ganin kare mai rai ba najasa ba ne a jikinsa, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Kowane ɗalibin Islamiyya ya san labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, da kuma labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu da yunwa. Darasin a fili yake: duk dabbar da ka ajiye, cikinta amana ce a wuyanka.

To, shin wainar mangwaro tana cikin amanar, ko ta wuce gona da iri? A ganina almubazzaranci shi ne ka ɗauki abu daga inda ake buƙatarsa ka kai inda ba a buƙata. Yarinyar ba ta taɓa mangwaron da za a kai kasuwa ba, ba ta rage kwanon kowa ba. Abin da ta tsinta, da ta bar shi, da ƙuda da rana sun gama da shi kafin la'asar. Duk wanda ya ga yadda tumatir ke asara a Danja lokacin kakarsa, har sai an yanka an shanya an mai da shi kauɗa, ya san cewa ceto abin da zai lalace tattali ne. Da a ce ta sayi apul mai tsada don kare alhali yaron maƙwabta bai karya ba, da Baffa ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari. Ma'aunin shi ne daga bakin wa aka cire lomar.

Amma ita ma yarinyar akwai abin da ya kamata ta ji. Tausayin da babu sani a cikinsa yana iya kisa. Inabi da zabibi suna lalata ƙodar kare. Albasa da tafarnuwa suna ɓata masa jini, ga shi kuwa kusan duk miyarmu da albasa ake yi. Cakulan da goro guba ne gare shi saboda sinadaran da ke cikinsu. Ƙwallon mangwaro yana iya maƙale masa a wuya ko ya toshe hanji. Kankana da gwanda da ayaba ba su da laifi idan an cire 'ya'ya da ɓawo, ba a sa sukari ba, kuma ba ruɓaɓɓu ba ne. Likitocin dabbobi suna ba da shawarar kada irin wannan ɗanɗano ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsa na yini, domin jikin kare ya fi buƙatar abinci mai gina jiki a kan zaƙi.

A nan ne na yi mata tambayar da ta sa ta yi shiru: an yi wa Duna allurar rigakafin ciwon haukan kare? Ba a yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kusan 59,000 a duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma yara suna da kaso mai yawa a ciki. Ana yin allurar a nan Najeriya, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato. Karen da aka yi wa ita ya tsira, yaran da ke wasa da shi ma sun tsira. Waina tana da daɗin ɗauka a waya a nuna wa ƙawaye. Allura da ruwa mai tsabta da inuwa a zafin bazara ba su da kyan hoto, amma su ne hakkin da za a fara tambayar mai gida a kansa.

Saboda haka na ce wa Baffa ya bar ta ta yi gasinta. Yarinyar da ta lura cewa akwai mai rai a bakin zaure da ba a taɓa gode masa ba, ita ce gobe za ta lura da almajirin da ke tsaye a ƙofa da tsohuwar da ba ta da mai ɗebo mata ruwa. Ban taɓa ganin wanda tausayin dabba ya ƙarar masa da tausayin mutane ba. Abin da na fi gani shi ne yaron da ya saba jifan kare ya girma da taurin zuciya.

Baffa bai ce ya yarda ba. Washegari da safe dai na ga ya wanke tsohuwar tasa, ya cika ta da ruwan randa, ya ajiye a gindin darbejiya inda Duna ke kwanciya. Kafin in taho ya tambaye ni nawa ake yin allurar a Malumfashi.