KWASHE HATSI KAFIN KA RUSHE RUMBU



Akwai kwamfuta a gidanka? Ran da ta zo, gudu take kamar doki. Yau kuwa in an kunna ta, sai uwargida ta gama dama fura ba ta tashi ba. Rai ya ɓaci. Sai wani ya ce, "A share ta kawai, ta koma yadda ta fito daga masana'anta." Maganarsa da gaskiya, amma da saura. Zauna mu yi shawara tukuna.

ME YA NAUYAYA TA?

Jaki ba ya ƙin tafiya haka kawai, sai in kaya sun fi ƙarfinsa. Haka kwamfuta take. Kowa ya zo ya sa mata tasa manhaja, da yawansu kuwa suna tashi tare da ita duk lokacin da aka kunna. Fina-finai da waƙoƙi sun cika faifan ajiya. Ƙwayoyin cuta sun shigo ta ɗan abin ajiyar nan da ake cewa filash ko kile, wanda yake yawo daga hannu zuwa hannu. Irin wannan nauyi, sharewa tana maganinsa.

Amma akwai ciwon da ba ta magani. Ƙurar hunturu takan toshe fanka. Zafin bazara a ƙasarmu yakan wuce digiri 40. In ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi zafi, takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Faifai ma yakan tsufa ya gaji. Waɗannan sai mai gyara. Ko an share sau goma, ƙura tana nan.

FARA KWASHE DUKIYARKA

Wane manomi ne zai rushe rumbu don gara ta shiga, gero kuwa yana ciki? Ba sai ya kwashe damman tukuna ba? To, ka tuna abin da ke cikin kwamfutarka. Hotunan bikin aurenku. Hoton tsohuwarka wadda ta riga mu. Takardun haihuwar yara. Aikin makarantar 'yarka. Lissafin bashin taki, ko na baikon ikilisiya da aka danƙa maka. Waɗannan ba a sayensu a kasuwa.

Ka juye su duka cikin filash ko wani faifai na waje. Sa'an nan ka buɗe su a wata kwamfuta, ka gani da idonka sun shiga. Ka rubuta kalmomin sirrinka a littafi. In an kulle faifan da BitLocker, ka nemi mabuɗinsa mai lamba 48, ka adana. Ka kuma tambayi matarka da 'ya'yanka, kowa ya kwashe nasa. Kada ka shafe wahalar wani cikin fushi. Da na sani ƙeya ce.

HANYOYI BIYU

Tun Windows 8, a shekarar 2012, kamfanin Microsoft ya sa wannan hanya cikin kwamfuta kanta. Tana cikin Windows 10 na 2015 da Windows 11 na 2021. In taka tana magana da Faransanci, ka shiga Paramètres. A Windows 10 ka bi Mise à jour et sécurité, a Windows 11 kuwa Système. Daga nan sai Récupération, sai Réinitialiser ce PC.

Za ta sa hanya biyu gabanka. Ta fari ita ce Conserver mes fichiers. Wannan tana barin hotunanka da takardunka, amma tana cire manhajojin da aka sa daga baya. Ta biyu ita ce Supprimer tout. Wannan ba ta barin kome. Ita ce ta dace in cuta ta yi yawa, ko za ka sayar da kwamfutar. Ko da ta farin ka zaɓa, kada ka dogara gare ta, ka kwashe kayanka tukuna.

Za ta sake tambayarka inda za ta samo sabon Windows, ta intanet ko daga cikinta. Na intanet yakan ci fiye da gigabait 4. Mutumin karkara, in na cikinta ya yi aiki, ya ishe shi.

HAƘURI

In aiki ya fara, ka bar ta. Yakan ɗauki awa guda, wani lokaci awoyi. Za ta mutu ta tashi da kanta sau da dama. Kada ka tsorata, kada ka kashe ta. Ka cika batir, ka jona ta da wuta, ka zaɓi lokacin da wuta ta fi zama. In wuta ta yanke ana tsakiyar aiki, mai yiwuwa ta ƙi tashi sam. Gaggawa ba ta haifar ɗa mai ido.

BAYAN AN SHARE

Ga ta nan tana gudu kamar dā. Amma ka lura, aboki. Gonar da aka yi wa sassabe, in ba a nome ba, ciyawa ce za ta koma. In gidanku ya ci gaba da halin jiya, kafin kaka ta zagayo nauyin ya dawo. Saboda haka ku sa abin da kuke bukata kaɗai. Kada ku karɓi kowane filash ba bincike. Ku rufe ta da zane saboda ƙura in an kashe. Ka kuma sani, Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kowa da kowa ran 14 ga Oktoba 2025. Ka tambayi masani ko taka za ta iya ɗaukar Windows 11.

Abin da aka sa a hannunka amana ne, ƙarami ko babba. Kada ka ce sai gobe. Yau ka kwashe dukiyar gidanka, tun faifai bai mutu ba.

Allah ya ba mu hikima da haƙuri. Amin.