"Ai Halinsa Ne": Yadda Dariyarmu Ke Kiwon Mai Ji-da-kai

A teburin wani mai shayi a Kabo na fara kallon Gidan Badamasi, shirin barkwancin da Falalu A. Ɗorayi ya ba da umarni, wanda tashar Arewa24 ta soma nunawa a 2019. Alhaji Badamasi, wanda Magaji Mijinyawa ke fitowa a matsayinsa, attajiri ne da ya yi aure-aure ya tara 'ya'ya, ga shi da hannu a dunƙule, kuma ba ya ganin kowa a gidan sai kansa. 'Ya'yan ma ba su da ta cewa, domin kwaɗayi ne ya tara yawancinsu. A farkon lamari mun yi dariya ne saboda mun gane mutumin: babu wanda ke zaune a bencin nan da bai san wani dattijo irinsa ba. Da tafiya ta yi nisa sai na lura da wani abu a kaina. Rowar da ta sa na ƙyaƙyata bara ba ta ishe ni bana ba, ina jiran Alhaji ya yi wadda ta fi ta muni. Na faɗa wa wani abokina ɗan Getso haka, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai halinsa ne." Wannan amsa ce ta dame ni, domin halin da muke kira nasa, mu ne muke neman a ƙara masa shi kowane mako.

Marubucin shiri mai dogon zango yana cikin tsaka mai wuya. Idan ya bar tauraronsa ya tuba, shiri ya ƙare, don babu mai zama ya kalli Badamasi yana rabon zakka cikin fara'a. Idan ya bar shi yadda yake, masu kallo su gundura, tunda abin da aka saba da shi ba ya ba da dariya. Ƙofa ɗaya ta rage masa, ita ce ƙari. A Amurka har suna aka raɗa wa wannan ciwo daga sunan Ned Flanders na shirin The Simpsons, wanda aka fara a 1989: maƙwabci mai kirki da riƙon addini, da aka yi ta zuzuta ɗabi'arsa guda har ta cinye sauran. Wanda ya fi kusa da zancenmu shi ne Dennis Reynolds na It's Always Sunny in Philadelphia, da aka fara a 2005. Ya shigo a matsayin saurayi mai taƙama da kyansa, bayan shekaru ya zama mutumin da masu kallo ke raha a kan ko ya taɓa kashe rai.

Ba kowane aibi ne ƙarinsa ke da haɗari ba. Wawa idan ya ƙara wauta, kansa yake cuta. Mai ji-da-kai daban ne, kuma ya kamata a raba shi da mai son kai. Mai son kai naman da ke cikin kwano yake so. Idan ya samu ya ƙoshi. Mai ji-da-kai idon jama'a yake so, shi kuwa ba a ƙoshi da shi. Malamanmu suna kiran tushen wannan ujubu, kuma Imamu Gazali ya haɗa shi da girman kai cikin cututtukan zuciya masu halakarwa a Ihya'u Ulumiddin. Girkawan dauri suna da labarin Narkisus, saurayin da ya ga fuskarsa a ruwa ya kasa ɗauke ido har ya mutu. Abin da aka cika mantawa shi ne akwai wata a gefensa, Eko, wadda ba ta iya furta komai sai maimaita ƙarshen maganar wani. Amsa-kuwwa ke nan, ko kuma a bakin Bahaushe, 'yar amshin Shata. Duk inda ka ga Narkisus, duba da kyau, akwai masu amshi. A gaban talabijin ɗin mai shayi, mu ne su.

Za a ce ai Bahaushe ya daɗe yana dariyar miyagun halaye, kuma gyara yake yi da ita. Haka ne. Gizo na tatsuniya maƙaryaci ne mai haɗama, ya sha cutar Ƙoƙi da kowa. Amma tatsuniya tana da ƙarshe, ana rufe ta kafin yara su yi barci, gobe kuma Gizo ya dawo daidai yadda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba. Tashe ma haka: daga goma ga azumi yara a Gwarzo da Garo za su fito su kwaikwayi gwauro da boka da tsoho mai son banza, a yi dariya, wata ya ƙare a ajiye gemun auduga. Dariyar nan bulala ce, tana kuma aiki ne don wanda aka zana yana da fatar da za ta ji. Sunan fatar kunya. Ba banza ba Anthony Kirk-Greene ya lissafa kunya cikin siffofin mutumin kirki a nazarinsa na 1974. To, mai ji-da-kai shi ne ainihin wanda bulalar ba ta kama shi. Ka yi masa dariya, ya ɗauka kirari ne. Shiri mai dogon zango ya ɗauki wannan mutum, ya cire masa ranar hisabi, ya kuma ba shi abin da Gizo bai taɓa samu ba: tarihi mai taruwa, laifi kan laifi, ba tare da an biya ko ɗaya ba.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, ba zan ɓoye ta ba. Zuzutawa madubi ce mai ƙara girma. Wanda bai ga munin rowa a gidansu ba yana iya ganinsa idan an kumbura ta a allo. Na yarda, kuma na tabbata masu shirya Gidan Badamasi wa'azi suke nufi a kan tara iyalin da ba za a riƙe ba. Matsalata ba niyyarsu ba ce, tsawon zama ne. Wanda ka yi shekaru kana buɗe wa ƙofa kowane mako ya zama ɗan gida, ɗan gida kuwa ana yi masa uzuri. Sannu a hankali idon mai kallo yana komawa inda idon tauraro yake. Matar da aka wulaƙanta, da ɗan da aka hana kuɗin magani, sun daina zama mutane masu ciwo, sun koma tsanin da za a taka a kai ga dariya. Haka shi ma mai ji-da-kai yake kallonsu tun asali. Masu shirin Seinfeld, waɗanda ƙa'idarsu ita ce kada tauraro ya koyi darasi, sun rufe shi a 1998 da gurfanar da taurarin huɗu a kotu saboda sun tsaya suna ba'a ana yi wa wani fashi. Aka jero waɗanda suka cuta cikin shekara tara suna ba da shaida. Masu kallo da yawa ba su ji daɗin wannan rufewa ba, ni kuwa ina zargin dalilin shi ne sun ji kamar har da su a akwatin tuhuma.

Abin da ya sa ban ɗauki wannan a matsayin zancen talabijin kawai ba, wani mutum ne a unguwarmu a Gwarzo. Tun ina yaro ake ba da labarinsa a majalisa: yadda ya sa aka sake ɗaura wani aure don an fara bai iso ba, yadda yake mayar da kowace ta'aziyya labarin rashin lafiyar da ya taɓa yi. Ana kwaikwayon tafiyarsa, yana ji, yana murmushi, gobe ya zo da sabo. Shekara ashirin muna cewa hali zanen dutse, ba mu lura zanen yana ƙara zurfi ba, ba mu kuma tambayi wa ke riƙe da kurfi ba. Ranar da uwargidansa ta kwashe kayanta bayan aure mai tsawo, labarin ya iso majalisa da yamma. Wani ya soma kwaikwayon yadda maigidan zai ba da labarin, har mun fara dariya, sai ga babban ɗanta ya zo wucewa ɗauke da akwatinta a ka. Ya yi mana sallama, muka amsa, babu wanda ya iya ɗaga ido ya dube shi.