TSIMI: INA IYAKAR MAGANI, INA FARKON GIYA?



'Yan'uwa, daga Bebeji da Ƙiru har Tudun Wada da Doguwa, da wuya ka shiga gidan da babu jarkar jiƙo ko tsimi. Ga sassaƙe da saiwoyi daga yankin dajin Falgore, ga tsamiya, kanumfari, citta da mazarƙwaila. Abin tambaya: idan jiƙon nan ya kwana biyu, har yanzu shi ne abin da aka jiƙa?

A'a. Allah Ya halicci wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya. Suna cin zaƙin da ke cikin jiƙon su mayar da shi tsami, kamar yadda madara ke zama nono. Suna rage bauri, suna warware wasu sinadaran da ke ɗaure a jikin tsiron, sai jiki ya fi saurin sha. Dubi kalwa: a dafa ta, a rufe kwana biyu zuwa uku, ta fito daddawa, wari da ɗanɗano duk sun sauya. Subhanallah! Wannan halal ne, kuma ni'ima ce. Sai dai ƙarfin magani ma yana sauyawa, don haka kofin ranar farko ba lallai ya yi daidai da na rana ta bakwai ba.

Haɗarin yana wajen wata ƙwayar daban, wato yis. Idan aka zuba zuma, rake ko mazarƙwaila, aka toshe jarka cikin zafin nan namu, yis yana mayar da zaƙin barasa. Haka ake samun burkutu.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) busasshen inabi, ya sha har yammacin rana ta uku, abin da ya rage ya bayar a shanye ko a zubar. Kuma da Ɗariƙ bin Suwaid ya ce yana yin giya ne don magani, Annabi (SAW) ya sanar da shi cewa ita cuta ce, ba magani ba.

Ma'aunin Shari'a shi ne maye, ba tsami ba. Abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, ko da sunansa maganin basir ko tsimin amarya.

Don haka ki jiƙa kaɗan, wanda zai ƙare da wuri. Idan jarka ta kumbura, tana huci da kumfa, ga warin giya, zubar. Mai sayarwa, ka ji tsoron Allah, ka faɗa wa mutane ranar da ka haɗa. Mai shan maganin asibiti, musamman mai juna biyu, a tambayi likita kafin a haɗa biyun.

Allah Ya ba mu lafiya ta hanyar halal. Wallahu a'alam.