Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi: Bashin da ke Kan Mai Aron Kiɗa

Gabatarwa

Duk lokacin da masana kiɗa suka zauna lissafa gwanayen jita waɗanda suka fi tasiri a kiɗan buluz da na rok, sunayen da kan fito ba su cika sauyawa ba. Za a ji an ambaci Robert Johnson da B.B. King da Chuck Berry da Jimi Hendrix da Eric Clapton da Jimmy Page. To amma kalmar tasiri tana ɗauke da wata tambaya wadda ba a cika tsayawa a kanta ba. Idan an ce wane ya yi tasiri a kan wane, ma'anarsa ke nan wani abu ya fita daga hannun na farko ya shiga hannun na biyu. Wannan abu kuwa kyauta ne, ko aro, ko gado, ko sata? Idan wanda ya karɓa ya yi suna ya tara dukiya, wanda aka karɓa daga gare shi kuma ya mutu a talauce, wane bashi ke kan wa? Wannan ita ce tambayar da za mu yi ƙoƙarin amsawa a wannan maƙala, domin ta shafi makaɗi, ta kuma shafi ɗalibin da ke rubuta waƙa ko ƙagaggen labari, da malamin da ke duba masa.

Darasi daga Kasuwar Muda Lawal

Kafin mu tsallaka teku, bari mu fara da abin da ke kusa da mu. Kasuwar Muda Lawal da ke cikin garin Bauchi ta yi suna wajen kayan gwari da kayan marmari. Kwandon tumatir ko buhun albasa ba ya isa hannun mai miya sai ya bi ta hannuwa da dama, wato manomi da direba da ɗan dako da dillali da mai kasawa. Babu wanda ke ganin laifin ɗayansu don ya ci abinci da kayan da ba shi ya shuka ba. Sai dai akwai ƙa'idojin da ciniki ya ginu a kansu. Dillali ba ya cewa shi ya noma kayan, kuma in mai saye ya tambaya na ina ne, sai a gaya masa, domin sau da yawa sunan garin da kaya suka fito shi ne ke ɗaga darajarsu. Haka kuma dillali la'adarsa kawai yake cirewa, sauran kuɗin na mai kaya ne. Sannan kowane hannu yana ƙara wani abu: wani ya ɗauko, wani ya tsince ruɓaɓɓu, wani ya kasa daidai aljihun talaka.

Ke nan abu uku ne suka halatta wa mai tsaka-tsaki cin abincinsa: faɗin asalin kaya, da mai da wa mai kaya rabonsa, da ƙara wani amfani daga gumin kansa. A ganinmu da waɗannan ma'aunai uku ya kamata a auna duk wani mai fasaha da ya ɗauki abin wani.

Asalin Kayan

Kiɗan buluz ya tsiro ne a tsakanin baƙaƙen fatar kudancin Amurka, jikokin bayi, musamman a gonakin auduga na jihar Misisipi, wajen ƙarshen ƙarni na 19. Kiɗa ne na mutum guda da abin kiɗansa mai tsirkiya, yana rera damuwarsa, tsirkiyar tana yi masa amshi. Bahaushen da ya saba da gurmin Haruna Uji ko kukumar Ibrahim Na Habu ko kuntigin Ɗan Maraya Jos ba zai ji wannan tsari baƙo ba. Hasali ma, wani masanin kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, ya wallafa littafi a 1999 mai suna Africa and the Blues, inda ya kafa hujjar cewa yawancin siffofin buluz sun fi kama da kiɗan yankinmu na Sudan ta Yamma da ta Tsakiya, ƙasar goge da molo, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Shi ma Ali Farka Toure na ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2006, da ya ji kiɗan John Lee Hooker sai ya ji kamar kiɗan gidansu ne. Saboda haka maganar ba ta wasu can ba ce. Muna da ɗan hannu a gonar da aka noma kayan.

Ma'auni na Farko: Ambato

Robert Johnson ya rasu a 1938 yana da shekara 27, bai bar komai ba sai waƙoƙi 29 da aka ɗauka a faifai a 1936 da 1937. Labarin da ya fi yaɗuwa a kansa shi ne wai ya je mararraba da tsakar dare ya sayar wa Shaiɗan ransa don ya iya jita. Mu ma mun san irin wannan zance, domin da zarar makaɗi ya gagara sai mu ce aljanu ke ba shi. Amma bincike ya nuna cewa Johnson ya tare ne wurin wani makaɗi mai suna Ike Zimmerman ya koya, bayan ya daɗe yana sauraron Son House. Abin lura a nan shi ne, tatsuniyar aljanu tana da daɗin ji, amma zalunci ce, domin tana shafe sunan malami. An gwammace a yaba wa Shaiɗan da a yaba wa talakan da ya yi haƙurin koyarwa.

Haka aka yi wa Rosetta Tharpe, macen da ke kaɗa jita mai lantarki a waƙoƙin coci tun kafin a san wani abu wai shi rok, wadda su Chuck Berry suka sha daga korama tata. Ta rasu a 1973, kabarinta ya yi fiye da shekara talatin babu ko dutsen shaida, kuma sai a 2018 aka shigar da sunanta zauren karrama gwanayen rok na Amurka.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai waɗanda suka riƙe amanar ambato. B.B. King bai taɓa gajiya da faɗin cewa jin T-Bone Walker ne ya sa shi son jita mai lantarki ba. Samarin Ingila da suka kafa ƙungiyar Rolling Stones daga wata waƙar Muddy Waters suka ɗauko sunansu, kuma a 1965 suka dage sai an gayyato Howlin' Wolf cikin wani shirin talabijin na Amurka, suka zauna a ƙasa suna kallonsa. Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malaman zaure kan jero salsalar waɗanda suka karɓi karatu daga gare su, makaɗanmu kuma kan ambaci iyayen gidansu a cikin waƙa. Yaba kyauta tukwici.

Ma'auni na Biyu: Rabo

Ambato kaɗai ba ya cika ciki. Arthur Crudup, mawaƙi kuma makaɗin jita, shi ya yi waƙar That's All Right a 1946. Da ita Elvis Presley ya buɗe faifansa na farko a 1954, kuma bai ɓoye sunan mai ita ba. Duk da haka kuɗin haƙƙin mallaka ba su isa hannun Crudup yadda ya kamata ba, sai da ya koma aikin ƙwadago a gonaki, ya rasu a 1974 yana bin bashinsa. An faɗi asalin kaya, amma an cinye kuɗin manomi. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Wani lokaci kuma a haɗa laifi biyu. A 1969 ƙungiyar Led Zeppelin, wadda Jimmy Page ke kaɗa wa jita, ta fitar da waƙar Whole Lotta Love, alhali wani ɓangare na kalmominta daga waƙar da Willie Dixon ya rubuta ne, Muddy Waters ya rera a 1962. Ba a sa sunan Dixon ba sai da ya kai ƙara kotu a 1985, aka yi sulhu, aka biya shi, aka kuma ƙara sunansa a kan waƙar. Babu mai musun gwanintar Page, amma gwaninta ba ta yafe bashi. Abin da ya kamata kunya ta bayar, sai da sammaci ya karɓo.

Ma'auni na Uku: Ƙari

Mai aron da ya ambaci mai kaya ya kuma biya shi, amma bai ƙara komai ba, mutumin kirki ne, sai dai bai zama mai fasaha ba tukuna. Zanen aro ba ya rufe katara. Jimi Hendrix ya yi shekaru yana kaɗa wa wasu jita a bayan fage, ciki har da Little Richard, kafin ya tafi Landan a 1966. Ya rasu a 1970, shi ma yana da shekara 27. A cikin waɗannan shekaru huɗu ya ɗauki buluz ɗin da ya gada, ya mai da kukan da lasifika ke yi, wanda sauran makaɗa ke gudu a matsayin aibi, ya zama wani sabon harshe na jita. Irin wannan ƙari ne Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi wa kuntigi. Ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya guda ya ɗauka, ya ɗora masa rayuwar karen mota da sauran talakawan da makaɗan fada ba su waiwaya ba. Wanda ya yi ƙari irin wannan ya biya gadon da ya ci, domin ya bar wa na baya fiye da abin da ya tarar.

Wata Hujja da Za a Iya Kawowa

Mai karatu na iya cewa ai kiɗan gargajiya ba shi da mai shi. Su kansu tsofaffin makaɗan buluz aron juna suke yi, Muddy Waters ya ɗauka daga Son House, kamar yadda taken noma ko na dambe ke yawo daga makaɗi zuwa makaɗi a ƙasar Hausa ba tare da wani ya ce an yi masa sata ba. Bugu da ƙari, ba don samarin Ingila ba da wasu tsofaffin sun mutu ba a san su ba.

Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, amma ba ta ƙare shari'ar ba. Rijiyar gari halal ce ga kowa muddin kowa na iya zura gugansa. Ranar da wani ya kewaye ta da shinge, ya rubuta sunansa a takarda, ya fara sayar wa duniya ruwan, ranar ce maganar haƙƙi ta taso. Aro tsakanin talaka da talaka zumunci ne. Aro tsakanin wanda doka da kamfani da gidan rediyo ke bayansa, da wanda launin fatarsa ya hana shi shiga ta ƙofar gaba a zauren da ake kaɗa waƙarsa, wani abu ne daban. Wanda ya fi ƙarfi shi nauyin adalci ya fi hawa kansa.

Namu Rabon Laifin

Yana da sauƙi mu zargi Turawa mu shafa wa kanmu lafiya. A zamanin kaset mun sayi kwafe-kwafen da ko sisinsu bai kai ga makaɗi ba, da wayar salula ta zo kuma muka riƙa biyan masu tura waƙa su cika mana katin waya, ba mu tambayi abin da iyalan mai gurmin za su ci ba. Labarin Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu daga Jamhuriyar Nijar, ya ishe mu misali. A Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, suka bazu daga waya zuwa waya har Mali, mutane da yawa ba su san mai su ba. Sai da wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji ɗaya daga cikinsu, ya bi sawu har ya gano shi, sannan hanyar duniya ta buɗe masa. Tambayar da baƙo ya yi, wato kayan nan na wa ne, ita ce tambayar da kowane mai sayen albasa ya iya yi, amma muka kasa yi a kan waƙa.

Mu da ke jami'a kuwa laifinmu ya fi kusa. Ɗalibi kan je ƙauye ya naɗo waƙar wata tsohuwa ko kirarin wani maharbi, ya samu digiri da shi, a kundin kuma a rubuta wai an samo daga bakin jama'a. Malami kan gina suna a kan waƙoƙin makaɗin da bai taɓa aika wa ko goro ba. Wannan ma gardi ne da kura.

Kammalawa

Mun ga cewa ɗaukar abin wani ba shi ne laifi ba, domin babu makaɗi ko marubucin da ya faɗo daga sama. Laifin yana cikin ɓoye asali, da cinye rabon mai kaya, da zama a kan aro babu ƙari. Idan muka auna gwanayen jita da waɗannan ma'aunai, jerin zai sauya, sunaye irin su Zimmerman da Tharpe da Crudup za su matso gaba. Ga ɗalibanmu masu rubutu kuwa, shawararmu ita ce su ɗauka daga magabata ba tare da tsoro ba, amma su rubuta sunan wanda ya ba su, da garinsu, da ranar da ya bayar, su koma masa da kwafin aikin da ɗan abin da ya sawwaƙa, sannan su zauna su yi wahalar ƙara nasu.