Ruwan Soda da Maganar "Na Allah Ne"

Akwai maganar da masu tallar magani da abin sha suke yawan yi: "Ai na Allah ne, babu hannun Bature a ciki." Wato duk abin da ya fito daga ƙasa lafiyayye ne, wanda ya bi ta inji kuwa abin tuhuma ne. Wannan rabon bai kwanta mini ba, a addini ko a hankalce, kuma ruwan soda ya ishe ni hujja.

A Selters ta Jamus da Vergèze ta Faransa, ruwa yakan ɓuɓɓugo da kumfarsa, domin iskar kabon dayokzaid ta narke a cikinsa tun yana ƙarƙashin dutse. A 1767 wani malamin coci, Joseph Priestley, ya gano yadda zai sa wa ruwa iskar nan da hannunsa a Leeds ta Ingila. Ita ce dai iskar da muke fitarwa a numfashi. In ta shiga ruwa sai ta ba shi ɗan tsami mara ƙarfi, wanda ke tsikarin harshe, tana kuma sa gyatsa. Ciki ba ya tantance ta dutse da ta kamfani. Bambancin kawai gishirin ma'adinan da ruwan ƙasa ya kwaso.

To, me Priestley ya halitta? Ko ƙwayar zarra. Ruwan na Allah ne, iskar ta Allah ce, basirar haɗa su ma baiwarsa ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tafkin Nyos na Kamaru. A daren 21 ga Agusta 1986 tafkin ya amayar da wannan iskar ta kabon dayokzaid da ta daɗe tana taruwa a ƙasansa. Da yake ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta gangara kwaruruka, ta hallaka mutane sama da 1,700 da dubban dabbobi, da yawa suna barci. Babu inji a wurin, babu kamfani. Tun 2001 kuwa bututun da injiniyoyi suka kafa ne yake rage iskar a hankali.

Malaman fiƙihu sun ce asalin abubuwa halas ne sai in nassi ya hana ko cutarwa ta tabbata. Ashe tambayar ita ce me ke ciki, kuma nawa ne. Ruwan soda zalla ba shi da wata illa ga mai lafiya. Sukarin da aka cika a lemon kwalba shi ke cin haƙora, yana kuma jawo ƙiba da ciwon suga. Don Allah iyaye, kafin ku miƙa wa yaro kwalba, ku karanta abin da aka rubuta a jikinta.