Tsohuwar Taya, Alhakin Wa?

Jama'a, duk wanda ya bi titin Abuja zuwa Lokoja ta nan Abaji ya ga tsofaffin tayoyi jibge a bayan rumfunan masu faci. Abin tambaya: in mun gama morar abu muka yar, cutarwar da ya yi daga baya tana wuyanmu ko mun fita?

Mu dai a ganinmu ba mu fita ba. Tayar da muka jefar ita ce ke tara ruwan damina, sauro ya hayayyafa, zazzaɓi ya kwantar da ɗan maƙwabci. In mun cinna mata wuta don babbakar ganda, mu ne da sauƙin kuɗin itace, tsohuwar da ke bayan katanga ita ce da tari. Gaskiya itace ya yi tsada, amma ribar da wani ya biya da ƙirjinsa, anya ta halatta?

Iyayenmu ba su yar da taya. Takalmi suke yankawa da ita, tif ɗinta kuma a ɗinka guga. Yau a Ibadan kamfanin Freee Recycle yana niƙa ta ya fitar da bulon daɓe da silifa. A Phoenix ta Amurka, tun shekarun 1960 ake gauraya garinta da kwalta a gyara titi.

An karantar da mu cewa kawar da cuta daga hanya sadaka ce. To, mu ware wuri guda a inuwa mu tara su, mu kira masu yankan takalmi. Allah Ya sa mu dace.